Magungunan farfaɗo da tsofaffi bayan allurar barci

Magungunan farfaɗo da tsofaffi bayan allurar barci su ne magungunan da likitoci ke amfani da su a ƙarshen tiyata da kwanakin da ke biye da ita, domin tsoho ya dawo cikin hayyacinsa, ya ci gaba da numfashi da kansa, ciwo ya lafa masa, kuma ya tsira daga ruɗewar da ke yawan kama masu shekaru bayan an yi musu aiki. A fannin likitanci, idan aka ce tsoho galibi ana nufin mai shekara 65 zuwa sama. Har yanzu babu wani magani guda da ke tashin mutum daga barcin tiyata gaba ɗaya. Abin da ake da shi makarai ne na wasu daga cikin magungunan da aka ba majiyyaci yayin aiki, sai magungunan rage ciwo da amai, sai kuma wasu da aka gwada don rigakafin ruɗewa, waɗanda sakamakonsu bai zo ɗaya ba. Saboda haka farfaɗowar tsoho ta dogara ne a kan rage yawan maganin da aka ba shi tun farko, da guje wa masu cutar da shi, da kuma irin kulawar da ya samu bayan ya farka.

Abin da allurar barci ta ƙunsa

A bakin jama'a ana cewa allurar barci, amma a ɗakin tiyata magunguna ne da dama ake haɗawa, kowanne da aikinsa. Kashi na farko shi ne mai gusar da hankali. Ana fara bayar da shi ta jijiya, kamar furofofol ko ketamin, sannan a riƙe barcin da iskar da ake shaƙa, kamar isofuluren ko sebofuluren. Kashi na biyu shi ne mai kashe ciwo, yawanci daga dangin mofin, kamar fentanil. Kashi na uku shi ne mai sassauta tsoka, kamar rokuroniyam ko atirakuriyam, wanda ke hana jiki motsi, ya kuma ba da damar zura bututun numfashi a maƙogwaro. Wani lokaci akan ƙara mai kwantar da hankali daga dangin Valium, kamar midazolam, kafin a shiga aiki.

An fara nuna wa jama'a tiyata a ƙarƙashin maganin barci ranar 16 ga Oktoba, 1846, a babban asibitin Massachusetts da ke Boston ta Amurka, inda William Morton ya yi amfani da iskar ita. Maganin sassauta tsoka kuwa ya shigo ne a watan Janairun 1942, lokacin da Harold Griffith da Enid Johnson suka yi amfani da kurare, wato dafin kibiya na Kudancin Amurka, a Montreal ta Kanada.

Magungunan da ke gusar da hankali ba su da makari. Iskar barci tana fita ne ta huhu idan aka rufe ta, furofofol kuma yana barin ƙwaƙwalwa ya bazu zuwa sauran jiki kafin hanta ta sarrafa shi. Masu makari su ne masu sassauta tsoka, da dangin mofin, da dangin Valium.

Abin da ya bambanta jikin tsoho

Yayin da mutum ke tsufa, ruwan jikinsa da tsokarsa suna raguwa, kitse kuma yana ƙaruwa. Magungunan da ke narkewa a kitse sukan taru a ciki, su riƙa komawa jini a hankali bayan an gama aiki. Jinin da ke bi ta hanta yana raguwa, ƙoda ma ba ta tace jini da saurin da take yi a ƙuruciya, don haka magani yana daɗewa kafin ya fita. Ita kanta ƙwaƙwalwa tana ƙara jin magani. An ƙiyasta cewa yawan iskar barcin da mutum ke buƙata yana raguwa da kimanin kashi 6 cikin 100 a kowace shekara goma bayan ya haura arba'in. Ma'ana, abin da zai sa ɗan shekara 40 barci daidai zai yi wa ɗan shekara 80 yawa.

Tsoho yana saurin yin sanyi a ɗakin tiyata, sanyin jiki kuma yana rage saurin sarrafa magani, ya tsawaita aikin mai sassauta tsoka. Ƙarfin tari da na haɗiya suna raguwa, abin da ke sa majina ko amai su iya gangarawa huhu. Bugu da ƙari, tsofaffi da yawa suna zuwa asibiti da hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, suna kuma shan magunguna iri-iri da ka iya cin karo da na tiyata.

Magungunan warware sassaucin tsoka

Idan aka cire bututun numfashi alhali da sauran mai sassauta tsoka a jiki, majiyyaci zai farka da raunin numfashi da na haɗiya. Wannan ya fi faruwa ga tsofaffi, kuma yana da alaƙa da ƙarancin iskar oksijin da ciwon huhu bayan aiki. Magunguna biyu ne aka fi sani wajen warware shi.

Na farko shi ne niyostigmin, wanda aka haɗa a shekarar 1931. Jijiya tana aika wa tsoka umarni ne ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin, mai sassauta tsoka kuma yana toshe gurbin da sinadarin ke sauka. Niyostigmin yana hana jiki narkar da asetilkolin, sai ya taru ya rinjayi abin da ya toshe gurbin. Yana da araha, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Sai dai ba ya aiki idan sassaucin ya yi zurfi, yana kuma rage bugun zuciya, ya jawo yawan miyau da majina. Don haka ake haɗa shi da atirofin ko gilaikofirolet. Ga tsoho an fi son gilaikofirolet, domin ba ya ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa, alhali atirofin yana ratsawa kuma yana iya jawo ruɗewa.

Na biyu shi ne sugamadeks, wanda ake sayarwa da sunan Bridion. An ƙirƙiro shi a ɗakin binciken kamfanin Organon a Sikotilan. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2008, Amurka kuma a watan Disambar 2015. Ƙwayar sinadarinsa tana da siffar zobe, tana cafke rokuroniyam ko bekuroniyam a cikin jini, sannan ƙoda ta fitar da su tare ta fitsari. Ana ba da miligiram 2 ko 4 a kan kowane kilo na nauyin jiki gwargwadon zurfin sassaucin, ko miligiram 16 idan ana buƙatar warwarewa nan take. Yana aiki cikin 'yan mintoci, ko da yake ga tsofaffi yakan ɗan jinkirta. Ba ya aiki a kan atirakuriyam, ba a ba da shawarar amfani da shi ga mai tsananin ciwon ƙoda, kuma jefi-jefi yana jawo raguwar bugun zuciya ko mummunan borin jini. Ya fi niyostigmin tsada nesa ba kusa ba.

A shekarar 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa a riƙa auna ƙarfin tsoka da na'ura kafin cire bututu. Na'urar tana aika ɗan lantarki sau huɗu a jere zuwa jijiyar wuyan hannu, ta gwada motsin babban yatsa na huɗu da na farko. Sai na huɗun ya kai kashi 90 cikin 100 na na farkon ake ɗaukar cewa tsoka ta dawo. Ɗaga kai ko matse hannun likita ba su isa shaida ba.

Makarin dangin mofin da na dangin Valium

Naloksan shi ne makarin dangin mofin. Ana ba da shi idan numfashi ya yi ƙasa ƙwarai ko majiyyaci ya kasa farkawa saboda yawan maganin ciwo. Bayan tiyata ana ba da shi kaɗan-kaɗan, kamar miligiram 0.04 a lokaci guda, ana lura da numfashi. Idan aka ba da mai yawa farat ɗaya, ciwon aikin zai dawo da ƙarfinsa, jini ya hau, zuciya ta yi gudu, wanda haɗari ne ga tsoho mai ciwon zuciya. Aikinsa yana ƙarewa tsakanin minti 30 zuwa 90, alhali mofin yana wuce haka, don haka numfashin zai iya sake raguwa bayan an ga kamar an samu sauƙi.

Fulumazenil shi ne makarin dangin Valium, kuma kamfanin Roche na Suwizalan ne ya fito da shi a shekarun 1980. Shi ma aikinsa gajere ne, kusan awa guda, don haka barcin yana iya komowa. Ga wanda ya daɗe yana shan maganin barci na wannan dangi, ko mai farfaɗiya, yana iya tayar da jijjiga. Likitoci sun fi ganin dacewar a guje wa dangin Valium tun farko ga tsoho a kan a dogara da makarinsu.

Akwai kuma fisostigmin, wanda asalinsa daga waken Kalaba ne, wani tsiro na gaɓar Afirka ta Yamma da mutanen Efik na kudu maso gabashin Najeriya ke kira esere. A da ana shayar da shi ga wanda ake zargi da maita. An fitar da sinadarin daga waken a Jamus a 1864, kuma daga nazarinsa ne aka haɗa niyostigmin. Bambancinsu shi ne fisostigmin yana shiga ƙwaƙwalwa. Ana amfani da shi ne a yanayi guda, wato idan atirofin ko makamancinsa ne ya jawo ruɗewa ko jinkirin farkawa.

Ruɗewa bayan tiyata

Ruɗewa bayan tiyata rikicewar tunani ce da ke zuwa kwatsam, yawanci a cikin kwana uku na farko. Babbar alamarta ita ce kasa tattara hankali. Majiyyaci ba ya iya bin zance, yana mance inda yake, yana kasa gane 'ya'yansa, barcinsa kuma yana juyewa ya koma na rana. Tana zuwa tana tafiya a cikin yini, ta fi tsananta da dare. Iri uku ce. Akwai mai fizge-fizge, inda majiyyaci ke sambatu, yana gane-gane, yana cire robar ƙarin ruwa. Akwai mai lafewa, inda yake kwance shiru, ba ya ci, ba ya magana. Akwai kuma wadda ta haɗa biyun. Mai lafewa ta fi yawa ga tsofaffi, kuma ita ce aka fi kasa ganewa, domin ana ɗaukar ta gajiya ce kawai.

Ruɗewa daban take da cutar mantuwa, wadda jama'a ke kira gigin tsufa. Cutar mantuwa tana shiga a hankali cikin watanni da shekaru, ruɗewa kuwa cikin awanni ko kwanaki, kuma sau da yawa tana warkewa idan aka gano musabbabinta. Sai dai mai cutar mantuwa shi ya fi kowa haɗarin kamuwa da ita. Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin sun haɗa da yawan shekaru, da raunin jiki, da raunin gani ko ji, da shan barasa, da aikin gaggawa. Yawanta ya danganta da irin aikin. Kaɗan ce a ƙananan ayyuka kamar cire yanar ido, amma a aikin karayar ƙugu da na zuciya tana iya kama kusan rabin tsofaffin da aka yi wa. Waɗanda ta kama sun fi daɗewa a asibiti, sun fi faɗuwa, sun fi rasa ikon kula da kansu, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu.

Likita P. D. Bedford na Oxford a Ingila ya rubuta a mujallar Lancet a 1955 cewa wasu tsofaffi ba sa komawa yadda suke a tunani bayan tiyata. Wani babban bincike na ƙasa da ƙasa da aka buga a mujallar a 1998 ya bi mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama. An samu raguwar ƙarfin tunani ga kashi 25.8 cikin 100 bayan mako guda, da kashi 9.9 bayan wata uku.

Maganin barci ba shi kaɗai ne sanadi ba. Raunin tiyatar kansa yana tayar da kumburi a jiki wanda ke shafar ƙwaƙwalwa, ga ciwo, ga rashin barci, ga baƙon wuri. Wani gwaji da aka buga a 2021 ya raba mutum 1,600 masu karayar ƙugu a Amurka da Kanada gida biyu, wasu aka yi musu allurar baya, wasu allurar barci. Ruɗewa ta kama kusan kashi 20 cikin 100 a kowane ɓangare.

Magungunan da aka gwada don rigakafin ruɗewa

Deksmedetomidin shi ne wanda aka fi yin bincike a kansa. An ƙirƙiro shi a Finlan, Amurka ta amince da shi a 1999 da sunan Precedex. Yana kwantar da mutum a yanayi mai kama da barcin ɗabi'a, ba ya danne numfashi sosai, kuma yana rage buƙatar mofin. A 2016 aka buga wani gwaji daga asibitoci biyu na Beijin a ƙasar Sin, a kan mutum 700 masu shekara 65 zuwa sama da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman bayan tiyata. An ba rabinsu ɗan kaɗan na maganin ta jijiya har zuwa safiyar washegari, rabin kuma ruwan gishiri. Ruɗewa ta kama kashi 9 cikin 100 na waɗanda suka samu maganin, da kashi 23 na waɗanda ba su samu ba. Amma wani gwaji na Amurka a 2017, inda aka ba da shi yayin aiki ga mutum kusan 400, bai nuna wani bambanci ba. Haka ma gwajin 2020 a kan masu aikin zuciya kusan 800. Illarsa ita ce rage bugun zuciya da faɗar da awon jini, don haka sai inda akwai na'urar sa ido ake ba da shi.

Haloferidol maganin taɓin hankali ne da kamfanin Paul Janssen ya haɗa a Beljiyam a 1958. A wani gwaji na ƙasar Holan a 2005, an ba da shi kaɗan ga masu aikin ƙugu 430 da suka kai shekara 70. Bai rage yawan waɗanda suka ruɗe ba, ko da yake ya rage tsawon ruɗewar. Wani gwajin Amurka na 2018 a sassan kulawa ta musamman ya nuna bai gajarta ta ba. A yau ba a ba da shi don rigakafi. Ana ajiye shi ga wanda fizge-fizgensa ya kai ga cutar da kansa ko wasu, bayan lallashi ya gaza, kuma a mafi ƙarancin adadi na ɗan lokaci. Yana iya rikita bugun zuciya, kuma ba a ba mai cutar Parkinson.

Ketamin an yi zaton kaɗan daga cikinsa zai kare ƙwaƙwalwa. Gwajin da aka buga a 2017 a kan mutum 672 da suka haura shekara 60 ya nuna bai rage ruɗewa ba, sai ma ya ƙara gane-gane da munanan mafarkai. Melatonin, wato sinadarin da ke daidaita barcin dare, yana da sauƙin illa, amma wani gwaji na Holan a 2014 a kan masu karayar ƙugu bai nuna ya rage yawan ruɗewa ba, wasu ƙananan gwaje-gwaje kuma sun nuna amfani. Ribastigmin, maganin cutar mantuwa, an dakatar da gwajinsa a Holan a 2010 tun kafin a kammala, saboda mutuwa ta fi yawa a cikin waɗanda suka sha shi.

Maganin ciwo da na amai

Ciwon da ba a magance ba yana jawo ruɗewa, yawan dangin mofin ma yana jawo ta. Hanyar da ake bi ita ce haɗa magunguna masu aiki ta hanyoyi daban-daban domin a rage mofin. Farasitamol shi ne tushe, ana ba da shi a kan lokaci ba sai ciwo ya taso ba, ana kuma rage adadinsa ga mai ƙarancin nauyi ko ciwon hanta. Wani ƙaramin gwaji na Boston a 2019, a kan masu aikin zuciya 120, ya samu ruɗewa ga kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka ba farasitamol ta jijiya, da kashi 28 na waɗanda ba a ba ba. Allurar kashe jijiyar wurin da aka yi aiki, kamar wadda ake yi a matsematsi ga mai karayar ƙugu, tana rage ciwo ba tare da taɓa ƙwaƙwalwa ba.

Dangin ibuforofen da dikulofenak suna iya lalata ƙoda ko jawo zubar jini a ciki, don haka ana taka-tsantsan da su. Idan dole sai an ba da mofin, ana farawa da kaɗan a ƙara a hankali, a haɗa da maganin sassauta bayan gida, domin taurin ciki ma yana tayar da ruɗewa. Don amai, an fi amfani da ondansetiron ko deksametason, ana lura da sukarin mai ciwon sukari idan aka ba shi na biyun.

Magungunan da ake gujewa

A 1991 likitan tsofaffi Mark Beers na Amurka ya fitar da jerin magungunan da ba su dace da tsofaffi ba. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ce ke sabunta jerin, kuma ta sabunta shi a 2023. Daga cikin waɗanda suka shafi tiyata akwai dangin Valium, da fetidin, da tsofaffin magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, kamar kulofeniramin da ake sayarwa da sunan Piriton, da furometazin. Fetidin yana rikiɗewa a hanta zuwa wani sinadari da ke taruwa idan ƙoda ta yi rauni, ya jawo ruɗewa ko jijjiga. Fentazosin da tiramadol ma suna iya rikita tsoho. Akwai togaciya guda game da dangin Valium: wanda ya saba shan su kullum, ko mai shan barasa da yawa, yankewa farat ɗaya ita kanta tana jawo ruɗewa mai haɗari, kuma a nan su ne magani.

Wannan ne ya sa likitan sa barci ke tambayar duk abin da majiyyaci ke sha kafin aiki, har da na kemis da ba likita ya rubuta ba, da na gargajiya.

Kulawar da ba ta magani ba

Hujja mafi ƙarfi wajen rigakafin ruɗewa ba ta fito daga wani magani ba. A 1999 likita Sharon Inouye ta jami'ar Yale ta buga sakamakon wani tsari da aka gwada a kan majiyyata 852 masu shekara 70 zuwa sama a ɗakunan jinya. Tsarin ya ƙunshi tunatar da majiyyaci rana da wuri, da mayar masa da tabarau da na'urar ji, da tashinsa ya taka, da ba shi ruwa isasshe, da barin sa ya yi barci da dare babu hayaniya. Ruɗewa ta sauka daga kashi 15 cikin 100 zuwa kashi 9.9. A 2001 wani gwaji a Boston kan masu karayar ƙugu 126 ya nuna cewa duba su kullum da likitan tsofaffi ke yi ya rage ta daga kashi 50 zuwa 32.

Idan ruɗewa ta riga ta faru, aikin farko shi ne neman sanadi: ƙarancin oksijin, zazzaɓi daga ciwon huhu ko na mafitsara, riƙewar fitsari, taurin ciki, ƙarancin jini, faɗuwar sukari, rikicewar gishirin jini, ko wani sabon magani. Ɗaure majiyyaci a gado yana ƙara tsananta ta. Mai jinya daga cikin iyali yana da muhimmanci, domin shi ya san yadda tsohon yake kafin aiki, kuma shi zai fara lura idan ya canza.

Halin da ake ciki a Afirka

Yawancin gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a Turai, da Arewacin Amurka, da Sin. Wani bincike da aka buga a Lancet a 2018 ya bi majiyyata 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashen Afirka 25, ciki har da Najeriya. Ya gano cewa duk da sun fi na sauran duniya ƙuruciya, haɗarin mutuwarsu bayan aikin da aka tsara ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, kuma kusan duk mace-macen sun faru ne bayan an fito daga ɗakin tiyata. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin ma'aikata da kayan sa ido a ɗakunan jinya.

A asibitoci da dama na yankin, ketamin, da niyostigmin tare da atirofin, da fentazosin su ne a hannu saboda araha, alhali sugamadeks da na'urar auna ƙarfin tsoka ba su yawaita ba. Ketamin yana da amfani a irin wannan yanayi domin ba ya faɗar da awon jini kuma ba ya danne numfashi sosai. Akan haɗa shi da diyazefam don rage gane-gane, haɗin da ke iya daɗewa a jikin tsoho. A gefe guda, al'adar zaman mai jinya a gefen gado tana samar da wani ɓangare na kulawar da gwajin Yale ya nuna amfaninta.

Binciken da ke gudana

Masu bincike suna neman maganin da zai tashi ƙwaƙwalwa kai tsaye daga barcin tiyata. A 2011 aka nuna a Boston cewa metilfenidet yana farkar da ɓeraye daga iskar isofuluren. A 2018 wani ƙaramin gwaji a jami'ar Chicago ya nuna cewa kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi, idan aka ba da shi ta jijiya yana hanzarta farkawar matasa masu lafiya. Babu ɗaya daga cikinsu da aka amince da shi don wannan aiki. Akwai kuma remimazolam, sabon maganin barci mai saurin fita daga jiki wanda fulumazenil ke warwarewa, wanda Japan ta amince da shi a 2020. Ana kuma gwada na'urar da ke auna lantarkin ƙwaƙwalwa yayin aiki domin kada barcin ya yi zurfi fiye da kima. Wasu gwaje-gwaje sun nuna tana rage ruɗewa, amma wani babban gwaji na Amurka a 2019 a kan mutum 1,232 bai samu raguwa ba, duk da an rage yawan iskar barcin da aka ba su.